Binciken iskar duniya da tauraron ɗan'adam: daga ina mai sha'awa zai fara?

Dalibin_Fiziks:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Wanda ya gama digirin farko a fiziks, yana son ya zama mai binciken iskar duniya ta hanyar tauraron ɗan'adam, me ya kamata ya sa a gaba? Wasu na cewa sai ya koma injiniyancin ƙera tauraro. Wasu kuma na cewa GIS, wato fasahar zana taswira da kwamfuta, kaɗai ta isa, tunda bayanan kyauta ne a intanet, saukewa kawai za a yi a zana taswira. Wanne ne daidai? Kuma me mai wannan aiki yake yi daga safe zuwa yamma?

Malam_Falaki:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin zancen kwas, riƙe wannan da kyau: tauraro ba ya auna iska. Ba ya auna ozon, ba ya auna ƙura, ba ya auna zafin sama. Haske kawai yake kamawa, ko dai na rana da ya dawo daga ƙasa da gajimare, ko kuma wanda ƙasa da iskar ke fitarwa da kansu saboda ɗuminsu. Kowace iska tana shanye haske a zangon da ya keɓanta da ita, zangon haske kuwa da maikromita ko nanomita ake auna shi. Ozon na shan ultrabayolet, kabon dayoksaid na sha a wajen maikromita 15 da 4.3, tururin ruwa a wajen 6.3. Aikin masanin shi ne ya taso daga hasken da ya iso tauraro, ya koma da baya har ya gano abin da hasken ya ratsa a hanya.

A nan gizo ke saƙar, domin yanayi iri biyu mabambanta na iya ba da haske kusan iri ɗaya. Siririn gajimare na can sama da ƙura mai kauri na iya rikita lissafi. Don haka abin da za ka ƙware a kai shi ne ilmin tafiyar haske cikin iska, da aljabarar matiris, da ƙididdiga. Digirinka na fiziks bai ɓata ba, shi ne ma tushen.

Injiniya_Hauwa:
Na goyi bayan Malam. Ƙera jikin tauraro sana'a ce daban. Amma kada a raina sanin na'urar. Bayanai hawa-hawa suke zuwa. Mataki na 0 ɗanyun lambobi ne yadda suka fito daga na'ura. Mataki na 1 an mayar da su ƙarfin haske, an liƙa wa kowane ɗigo wurinsa a doron ƙasa. Mataki na 2 shi ne abin da aka ciro, misali yawan ozon a kowane ɗigo. Mataki na 3 an tara an jera a kan taswira ta rana ko ta wata. Mai GIS yawanci daga mataki na 3 yake farawa, lokacin da duk shawarwari masu wuya an riga an yanke su a madadinsa. Mai binciken da kake son zama yana zaune ne tsakanin 1 da 2.

MaiTaswira:
Ku yi mana adalci dai. Akwai bincike mai amfani da ake yi da mataki na 3, musamman kan gurɓatar iska a birane. Ba kowa ne zai rubuta lissafin ciro bayanai ba.

Injiniya_Hauwa:
Gaskiya ne Malam MaiTaswira, ba raini ba ne. Sai dai ko mai amfani da taswirar yana bukatar sanin me aka zubar kafin a ba shi. Kusan kashi biyu cikin uku na duniya a rufe yake da gajimare a kowane lokaci. Matsakaicin wata da kake gani na ranakun da sama ta washe ne kawai.

Dakta_Ozon:
Bari in buɗe misali ɗaya dalla-dalla, don ɗalibinmu ya ga yadda aikin yake. Ɗauki naitirojin dayoksaid daga na'urar TROPOMI da ke kan Sentinel-5P, wanda aka harba ranar 13 ga Oktoba 2017. Tana ratsa kowane wuri da misalin ƙarfe 1:30 na rana, faɗin abin da take gani kilomita 2600, ɗigonta kilomita 5.5 sau 3.5 tun Agustan 2019.

Da farko ana kwatanta hasken da ya dawo daga ƙasa da hasken rana kai tsaye, tsakanin nanomita 405 da 465, a nemo zanen yatsan wannan iska. Hanyar ita ake kira DOAS. Abin da ke fitowa jimilla ce a kan karkatacciyar hanyar da hasken ya bi. Na biyu, a cire kason da ke can sama a sitiratosfiya, da taimakon samfurin kwamfuta. Na uku, a raba ragowar da wani adadi da ake kira AMF, don a mayar da shi jimillar tsaye.

Cikin waɗannan ukun, na farko yana da tsabta. Na ukun ne mai ciwon kai. AMF ya dogara da hasken fuskar ƙasa, yawan gajimare da tsayinsa, ƙurar da ke wurin, da hasashen farko na yadda iskar ta rarrabu daga ƙasa zuwa sama. Wannan hasashe daga samfuri yake zuwa mai faɗin digiri 1 sau 1, wato sama da kilomita 100 a kusa da ikwaita. Birni kuwa bai kai haka ba, sai samfurin ya gauraya shi da dajin da ke kewaye. Sakamakon shi ne tauraro kan nuna ƙasa da abin da na'urorin ƙasa suka auna a wurare masu gurɓata sosai. Mutane da dama sun yi digirin digirgir a kan gyaran wannan mataki kaɗai.

Ga mai saukewa: a tace da qa_value, wato makin ingancin kowane ɗigo, sama da 0.75, shi ke fitar da ɗigon da gajimare ya rufe da na ƙanƙara. Awon yana zuwa da mol a kan murabba'in mita. In ana son ƙwayoyi a kan murabba'in santimita sai a ninka da 6.022 sau 10 mai ƙarfin 19.

Dalibin_Fiziks:
Allah ya saka da alheri Dakta. To in hasashen farko yana shiga cikin amsa, ta yaya ake sanin wane ɓangare ne na tauraro, wane ne na hasashe?

Malam_Falaki:
Tambayar masu sana'a ke nan. Tsarin da Clive Rodgers na Jami'ar Oxford ya shimfiɗa shi ne mafi yaɗuwa. Tare da kowace amsa ana fitar da wani jadawali, abarejin kanal, mai nuna yadda na'urar ke jin kowane hawa na iska. Inda adadinsa ya kusa 1, awo ne ke magana. Inda ya kusa sifili, hasashenka ne kawai ya dawo maka. Na'urar IASI da aka fara harbawa kan tauraron MetOp-A a 2006 tana da tashoshi 8461, wato zangunan hasken da take aunawa, amma ga kabon monoksaid bayanai masu zaman kansu ɗaya ne zuwa biyu take bayarwa a tsaye. Fayil zai iya nuna maka hawa goma sha wani abu, kada ka ɗauka awo goma sha wani abu ne. Duk wanda ya kwatanta tauraro da awon jirgin sama ko balan-balan ba tare da ya bi da awon ta wannan jadawali ba, kwatancinsa bai inganta ba.

Sani_Kod:
Maganar hasashe ta tuna mini da ramin ozon. Ai kwamfutar NASA ce ta zubar da bayanan saboda sun yi ƙasa da yawa, har masanan Ingila suka riga su.

Dakta_Ozon:
Da ɗan gyara Malam Sani. Ba a zubar ba, alama aka sa musu. Na'urar TOMS a kan Nimbus-7 ta fara aiki a 1978. Manhajar tana ware duk awon da ya gaza raka'ar Dobson 180 a matsayin abin tuhuma, domin ba a saba ganin irinsa ba, kuma na'ura mai lalacewa ma tana iya ba da haka. Ana cikin bin diddigi sai Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin suka buga sakamakonsu a Mayun 1985, daga awon ƙasa a tashar Halley ta Antatika. A Agustan shekarar Pawan Bhartia ya nuna hotunan tauraro a wani taro a Prague, aka ga ramin ya kai girman nahiya. Tashar ƙasa ta ce akwai matsala, tauraro ya nuna faɗinta. Yarjejeniyar Montreal ta biyo baya a 1987.

Don a gane awon: Dobson 300, wanda shi ne kusan matsakaicin duniya, in an tattaro ozon ɗin duka an sauko da shi ƙasa, kaurinsa milimita 3 ne kacal. Ƙasa da 220 shi ake kira rami.

Sani_Kod:
Na karɓi gyara. Ruwa ba ya tsami banza, ashe ɗigon da aka sa wa alama ma abin dubawa ne.

Malama_Kura:
Ɗalibi ya tambayi daga ina zai fara, ga aikin da zai iya yi da kwamfutar hannu ba tare da izinin kowa ba. Ka kwatanta kaurin ƙura da hayaƙi, wato AOD, na na'urar tauraro MODIS da na AERONET, wato tashoshin ƙasa masu auna hasken rana. AOD na 1 yana nufin kusan kashi 37 cikin ɗari na hasken rana kai tsaye ne ke isowa ƙasa in rana na tsaka.

Buɗe rajista a Earthdata, rumbun bayanan NASA, kyauta ne. Sauke MYD04_L2, wato fayilolin MODIS na tauraron Aqua, ɗigonsa kilomita 10, kowane fayil na minti 5 ne. Zaɓi tashar AERONET mai bayanan shekaru, ka ɗauki mataki na 2.0, wanda aka tace gajimare aka kuma sake saita na'urar. Ka ɗauki matsakaicin ɗigon tauraro da ke cikin kilomita 25 daga tashar, da matsakaicin awon tashar na minti 30 kafin wucewar tauraro da 30 bayanta.

Ga inda ake tuntuɓe. Lambobin MODIS a dunƙule suke, sai an ninka da 0.001. Inda babu awo an rubuta -9999, in ka manta ka cire shi matsakaicinka ya tashi aiki. MODIS na ba da AOD a nanomita 550, galibin na'urorin AERONET kuwa a 440, 500, 675 da 870 suke aunawa, dole ka jawo su zuwa 550 da ma'aunin Angstrom, adadin da ke nuna yadda AOD ke sauyawa daga zango zuwa zango. Lokacin duka biyun agogon duniya ne, wato UTC, kada ka saka agogon gida. Daga ƙarshe ka ƙirga kashi nawa ne suka faɗa cikin kuskuren da aka yi alkawari a kan tudu, wato 0.05 da ƙarin kashi 15 cikin ɗari na awon.

Sai kuma babban abin: lissafin Dark Target, ɗaya daga hanyoyin ciro AOD daga MODIS, an gina shi ne don ƙasa mai duhu, mai ciyayi. A kan hamada ƙasar ta fi ƙurar haske, sai ya bar wurin fayau. Don haka aka ƙirƙiro Deep Blue, mai amfani da nanomita 412, inda yashi ke yin duhu. In tasharka na busasshen wuri ce, Deep Blue za ka ɗauka.

Wanda ya gama wannan ya rubuta shafi biyar a kai, yana da abin nuna wa farfesan da yake neman gurbi a wajensa.

MaiTaswira:
Malama, ga ƙura ai ni na fi yarda da Meteosat, tauraron yanayi na Turai. Hoton nan mai ruwan hoda.

Malama_Kura:
Kowanne da amfaninsa. An harba Aqua zuwa tsayin kilomita 705, yana ganin wuri sau ɗaya da rana. Meteosat yana tsaye a kilomita 35,786 saman ikwaita, na'urarsa SEVIRI na ɗaukar hoto duk minti 15 da tashoshi 12, sabuwar FCI da aka harba a Disambar 2022 duk minti 10 da tashoshi 16. Hoton ruwan hodan haɗi ne na infirared: ja daga bambancin maikromita 12.0 da 10.8, kore daga 10.8 da 8.7, shuɗi daga 10.8 kaɗai. Tunda ɗumi yake kallo, yana aiki dare da rana.

Amfaninsa ya fito a wurare irin kwarin Bodele na Chadi, inda ƙura ke tashi da hantsi lokacin da iska mai ƙarfi ta dare ta sauko ƙasa. Tauraron da ke zuwa da azahar zai tarar ta riga ta yi tafiya, sai a ɗora wa wani wuri laifin. Amma hoton ba ya gaya maka nawa ce, kuma in iska na da laima sosai ko ƙurar na ƙasa-ƙasa, launin yakan dushe. Tsayin ƙura kuwa sai laida, mai harba hasken leza ta auna dawowarsa. CALIPSO ya yi wannan daga 2006 zuwa 2023, yanzu EarthCARE ne tun Mayun 2024.

Abba_AI:
Duk wannan wahalar, nan da 'yan shekaru ƙirƙirarriyar basira za ta gama da ita. Gara ɗalibin ya koyi wannan kai tsaye.

Malam_Falaki:
Ya koya, ba laifi, ana ma amfani da ita. Amoniya da ake cirowa daga IASI da irin wannan lissafi ake yi, saboda sauri. Amma da me aka horar da shi? Da dubban yanayin da aka lissafa da samfurin tafiyar haske. Haka sabbin manhajojin hasashen yanayi, galibinsu a kan ERA5, tarihin yanayin duniya na cibiyar hasashen yanayi ta Turai ECMWF, aka horar da su, shi kuma ERA5 an gina shi ne da awon tauraro da wasu suka saita suka tace. Ranar da aman wuta ya watsa toka irin wadda ba ta cikin bayanan horo, manhajar za ta ba da lamba ba tare da ta ce ta rikice ba. Mai sanin fiziks ne zai lura.

Injiniya_Hauwa:
Kuma babu basirar da za ta gyara na'urar da ta goce ba a sani ba. Madubai da gilasai na dushewa a sama, musamman a zangon shuɗi da ultrabayolet. MODIS na ɗauke da faifan da ke karɓar hasken rana da baƙin akwati mai sanannen zafi don saita kanta, amma faifan ma yana tsufa. Shi ya sa ake juya ta ta kalli wata, ana kuma bibiyar wuraren da ba sa sauyawa, kamar filin hamadar da ake kira Libya-4. Na'urar OMI a kan tauraron Aura ta fara samun matsala a wasu layukanta tun 2007, wanda bai cire su ba zai ga zane-zane a taswira ya ɗauka gurɓata ce. A kan kudancin Atilantika ma akwai yankin da ƙwayoyin lantarki ke dukan na'urori suna ƙara hayaniya.

Mafi wuya shi ne dogon tarihi. Awon zafin iska na maikrowef ya faro da na'urar MSU a ƙarshen 1978, an jona taurari da yawa ɗaya bayan ɗaya. Sauyin da ake nema bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na digiri a shekara goma ba. A 1998 Frank Wentz da Matthias Schabel suka nuna cewa saukowar taurarin a hankali tana sa a ga sanyin da babu shi. A 2005 aka sake gyara wani kuskuren na gocewar lokacin wucewa: tauraron da ya fara da zuwa ƙarfe 2 na rana, bayan shekaru yana zuwa da la'asar, sai sanyin yamma ya shiga lissafi kamar sauyin yanayi.

Abba_AI:
Na ji, amma har yanzu ina ganin wanda ya haɗa biyun shi zai fi samun aiki.

Dakta_Ozon:
A nan ba mu saɓa ba.

Hajiya_Bincike:
An yi nisa, bari in dawo da mu kan tambayar sana'a. Hanyar da aka saba: digiri na biyu a kimiyyar yanayi ko fiziks na iska, sai digirin digirgir na shekara 3 zuwa 5, sai kwantiragin bincike na shekara 2 ko 3, wani lokaci har sau biyu, kafin kujera ta dindindin. Ma'aikatun su ne jami'o'i, hukumomin yanayi, da irin su NASA, NOAA, ESA, EUMETSAT da ke Darmstadt a Jamus, KNMI ta Holan, JAXA ta Japan, ISRO ta Indiya, sai kamfanoni masu farautar yoyon iskar mitan.

A sani tun wuri: ma'aikacin gwamnati a NASA sai ɗan Amurka, kujerun ESA kuma na 'yan ƙasashen da ke cikinta ne. Amma babban kaso na binciken a jami'o'i da cibiyoyin da ke karɓar kwangila ake yin sa, kuma nan ƙofar ta fi faɗi.

Yinin aiki kuwa, yawancinsa gaban kwamfuta ne. Python da fayilolin netCDF da HDF, Linux, da iya karanta Fortran domin tsofaffin manhajojin da ake dogaro da su da shi aka rubuta. Ka saba da samfuri ɗaya na tafiyar haske, RTTOV ko libRadtran, da rumbun HITRAN na layukan shan haske. Kowane samfurin bayanai yana da takardar da ke bayyana lissafinsa, ana kiranta ATBD. Karanta ta kafin ka taɓa fayil.

Abu ɗaya da ba a cika gaya wa matasa ba shi ne tsawon jira. An zaɓi Aeolus, tauraron auna gudun iska, a 1999, bai tashi ba sai 2018. OCO, mai auna kabon dayoksaid, ya faɗa teku a Fabrairun 2009 saboda murfin rokar bai buɗe ba, sai Yulin 2014 OCO-2 ya maye gurbinsa. Tauraron Glory ya salwanta ta irin wannan hanya a 2011. Tauraron Envisat ya yi shiru a Afrilun 2012 ba sallama. Don haka kada ɗalibi ya ɗora digirinsa a kan tauraron da bai tashi ba tukuna. Ya gina shi a kan bayanan da ke hannu, sabon ya zama ƙari.

Dalibin_Fiziks:
Na gode Hajiya. Cikin ɓangarorin nan, saita na'ura, ciro bayanai, tantancewa da awon ƙasa, wanne ya fi sauƙin shiga ga wanda ba shi da babbar kwamfuta?

Hajiya_Bincike:
Tantancewa. Fayilolin ƙanana ne in ka yanko wurin tasha kaɗai, kuma tashoshin ƙasa sun yi ƙaranci a yankuna masu zafi, inda gajimare da ƙura da hayaƙin gobarar daji suka fi wahalar da lissafi.

Malam_Falaki:
Ni kuwa da zan ce ya fara da rubuta ƙaramin samfuri da hannunsa: iska mai hawa 20, tashoshi 6 a gefen maikromita 15, ya lissafa hasken da zai fita, ya zuba masa hayaniya, sannan ya gwada dawo da zafin kowane hawa. Zai ga amsar tana tsalle-tsalle har sai ya sa hasashen farko. Wanda ya ga haka da idonsa ba zai ƙara yarda da taswira ido rufe ba.

Malama_Kura:
Ya yi duka biyun, wata ɗaya-ɗaya. Amma Malam, tashoshi 6 ɗin da wane layin HITRAN zai fara? Lissafin layi-layi zai yi wa mai farawa nauyi.

Malam_Falaki:
Ba sai ya taɓa HITRAN ba a karon farko. Ya ɗauki ƙarfin sha guda ɗaya ga kowace tasha, ya zaɓe su yadda kololuwar jin kowacce za ta faɗa a matsin iska daban, daga hektofaskal 900 zuwa 50. In wannan ya zauna masa, sai ya koma RTTOV ya kwatanta.